Gwaggo Batulu da Silin Ɗakin Amarya

Duk matar da aka kawo Alƙahira daga gida a 'yan shekarun nan, in dai mijinta ɗalibi ne, to hannun Gwaggo Batulu ya riga ta shiga ɗakinta. Ita ke wanke bango, ita ke ɗaura labule, ita ke kunna turaren wuta. Ba wanda ya naɗa ta. Haka na zo na tarar.

'Yar Funtuwa ce. Bayan mijinta ya rasu, wani ma'aikacin ofishin jakadanci ya taho da ita tana yi wa iyalinsa girki. Da wa'adinsu ya cika suka koma Abuja, ita ta ce ta zauna. Ba ta bar ɗa a gida ba, ɗakin da ta bari kuma dangin miji sun riga sun sa wani a ciki. Ta kama ɗan gida a Hada'iƙ el-Ma'adi inda haya ke da sauƙi, maƙwabtanta 'yan Sudan da 'yan Habasha. A nan take tuƙa tuwo, ranar Juma'a ta soya masa, ta shiga jirgin ƙasa na metro da kuloli niƙi-niƙi zuwa unguwar Abbasiya wurin ɗalibanmu. Larabcinta na kasuwa ne, ba ruwanta da nahawu, amma ban taɓa ganin mai tumatir ya cuce ta ba.

Ta taɓa ba ni labarin ranar da ta iso ƙasar nan. A wani ɗaki kan rufin bene aka sauke ta, katifar da ke ciki tana warin wanda ya tashi, bangon duk shatin hannun mutane. Ta ce a bakin ƙofa ta zauna da akwatinta ta yi kuka, ba don kewar gida ba, don dai ba wanda ya ga ta isa a share mata wuri. Tun daga nan ta ɗaura wa kanta doka: mace ba za ta baro iyayenta ta zo ta kwana cikin dattin wani ba. A kan wannan dokar ba ta jin kira. A kanta kuma muka ɓata da ita.

Ni Lawal, fenti nake yi. Karatu ya kawo ni, karatun ya ƙi, na bi wani Bamisire mai suna Usta Isam ina riƙe masa tsani har hannuna ya faɗa. In Gwaggo ta samu ɗakin da za a gyara, ni take kira.

Wanda aka yi abin a kansa Abdulbasit ne, ɗan Gusau, ɗalibin Shari'a, yaro mai ladabi. Ya yi aure da ya je hutu, yanzu matarsa Fiddausi za ta taho, cikinta na fari ya riga ya fito. Ya samu gida a wani tsohon bene a Abbasiya, ginin da ya girme ni ya girme shi. Falo ɗaya, ɗaki ɗaya, kicin kamar akurki. Bangon ba laifi. Silin ɗin ne ya tsone wa Gwaggo ido. Irin na da ne mai ƙuraje-ƙuraje, kamar an kwaɓa farar ƙasa da tsakin gero an watsa sama, hayaƙin sigarin masu haya na shekara da shekaru ya mayar da shi ruwan ɗorawa, yanar gizo ta maƙale a kowane lungu.

Ta nuna shi da bakin tsintsiyarta ta ce, “Lawali, wannan ƙazantar za a kankare. Sumul nake so, kamar ƙwai.”

Na ce, “Gwaggo, wannan ba a kankare shi haka nan.”

“Don me? Hannunka ya yi tsufa?”

Na gaya musu abin da na sani, ba shi da yawa. Shekarun baya muna aiki a wani tsohon gida a Ma'adi, mun sa makankari a irin wannan silin ke nan injiniyan ya tsayar da mu. Ya ɓantari kaɗan ya aika gwaji. Da sakamako ya fito, mu aka sallama, wasu suka zo da fararen kaya har ka, suka like ƙofofi da leda, suna jiƙa wurin suna cirewa a hankali kamar masu kwance bam. A zamanin da aka yi waɗannan gine-gine, wasu magina kan haɗa asbestos cikin abin da suke watsawa a silin. Ba kowane silin ne ke da shi ba, ido kuma ba ya bambancewa. In an bar shi zaune lafiya, ko an shafe shi da fenti, yawanci ba ya tayar da hankali. In aka goge shi a bushe, sai ya tashi ya zama ƙura mai siraran zaruruwa, ta shiga huhu ta zauna. Ba ta nuna kanta a shekarar. Sai mutum ya manta, ya yi furfura, sannan numfashi ya soma gagararsa.

Abdulbasit ya saurara har na gama, sannan ya yi murmushi. “Malam Lawal, ai mu a Gusau silin gidanmu kaf asbestos ne. A ƙarƙashinsa aka haife ni. Ga ni nan garau.”

Na ce, “Kun taɓa sauke shi kuka daka a turmi kuka shaƙa?”

Ya yi dariya, ya ce a'a, ya ƙara da cewa komai na hannun Allah. Na ce haka ne, amma makankarin a hannunmu yake. Gwaggo ta ce ita dai a duniya ba ta taɓa jin inda ƙura ta jira mutum shekara talatin ba, ko bashi ne ya isa a yafe.

Na jiƙa wani lungu da ruwa, na ɓantari ɗan kaɗan da wuƙa, na ɗaure a leda biyu. Na ce zan kai wa injiniyan nan na Ma'adi, har yanzu muna gaisawa. Su jira sakamako. In babu komai, ni da kaina zan kankare. In akwai, zan shafe shi da farin fenti yadda yake, ya fito fes, ƙurajen ne kawai za su rage.

Abdulbasit ya ce, “To.” Gwaggo ta ce, “To.”

Na san wannan “to” ɗin. Mutanenmu ba sa musu da kai a fuska, musamman in ka zo yi musu alheri. Su ba ka “to” mai kyau ka tafi da ita, su kuma su yi abin da suka riga suka yanke. Duk da haka na tafi da ita, don aiki na jirana.

Gwaggo tana ganin ranar saukar jirgi na matsowa, sakamako shiru. A wurinta, gwaji hanya ce da ɗan fenti ya samu ta jan ƙafa. Sai ta yi abin da ake yi a gida in aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya: ta kira gayya. Ta aika wa ɗalibai cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci akwai masa da miyar taushe a sabon gidan Abdulbasit, kowa ya zo da hannunsa. Ɗalibin da ya shekara yana cin ful, dafaffen waken Misira, da burodi, ka ce masa masa, ai ko dutse ka nuna masa zai fasa.

Ni ba a gaya mini ba. Bayan la'asar na biyo da bokitin fenti don in ajiye. Tun daga matakala na ga farin sawu yana saukowa. Na ji waƙa daga sama, ana amshi.

Da na tura ƙofa ban ga bangon da ke gabana sosai ba. Samari sun cika ɗakin, wasu kan tebur, wasu kan kujera, masu makankari na yi, masu samfefa na bi. Wasu sun naɗe hanci da hirami, wasu ko wannan babu. An kunna fanka wai ta fitar da ƙura, ita kuwa sai juya ta take yi tana kai ta ko'ina. Silin ɗakin kwana an gama da shi, an shiga na falo. Sabuwar katifar da Gwaggo ta saya wa amarya tana jingine a bango, an riga an yage ledarta. Ga kafet, ga labule a kan igiya. Faifan masa a buɗe kan taga, kowa ya sauko ya ɗauka ya jefa a baki. Gwaggo na tsakiya da tsintsiyarta ta kaba wadda ta taho da ita daga Funtuwa, gashin idonta fari fat.

Ta gan ni ta ce, “Ga mai jiran takarda ya iso. Dubi sama. Ba ka ga ƙwai ba?”

Na kashe fanka. Na ce kowa ya sauko ya fita, kada wanda ya kakkaɓe rigarsa a ciki, in sun je gida su cire su jiƙa, su yi wanka. Waƙa ta mutu. Suka tsaya suna kallon Gwaggo, don ita ta kira su.

Ta ce, “Na yayyafa ruwa kafin in yi shara. Kai za ka koya mini shara?”

“Ƙasa kika yayyafa wa, Gwaggo. Abin daga sama yake zubowa.”

“Ka ce a jira. Jirgi zai jira ka? Yarinya da ciki ta zo ta ɗaga kai ta ga hayaƙin sigarin wani ƙato?”

“Gara ta gan shi da ta shaƙe shi, ita da abin da za ta haifa.”

Wannan ya yi mata zafi, a gaban yara kuma. Ta ce tun ban san hanyar filin jirgi ba take gyara ɗakin amare a garin nan, ba wadda ta taɓa ko tari. Ta ɗauki kulolinta ta fita. Abdulbasit ya bi ni da ba da haƙuri, yana cewa ma'alish, ai an riga an yi, khalas, an gama. Na ce ba a gama ba, yanzu aka fara. Na rufe tagogi, na kulle ƙofa. Ya karɓi makullin ya ce, “To.”

Juma'ar da ta biyo baya ba a aiko mini da masa ba. A wurin Gwaggo wannan ya fi zagi.

Na ga magana ta ƙare mini. Na faɗa a tsaye, na faɗa a zaune, ba abin da ya motsa. Jirgi na tafe, katifa na cikin ƙura, kuma na san da zarar na juya baya za a share ɗakin, a kunna turare, a shimfiɗa zanin gado. Sai na je har Hada'iƙ na yi sallama. Ta amsa ba ta dube ni ba.

Na ce, “Maigidana Usta Isam ba shi da lafiya. Ki raka ni dubiya.”

Gwaggo za ta iya ƙin gaisuwarka, ba za ta iya ƙin dubiya ba. Ta yi tsaki, ta ɗora farfesun kaza, ta yafa mayafi muka tafi.

Usta Isam mutum ne da a da yake hawa bene da buhun siminti yana waƙa. Mun same shi zaune bakin gado, don kwanciya ba ta yi masa, robar iska a hancinsa, tukunyarta a gefe. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tun yana saurayi yake yanka bututun asbestos da zarto, yana goge silin a bushe, ba abin da ke fuskarsa sai sigari. Likitoci sun ce ƙurar ce ta taurara masa huhu.

Ya gan ta ya ce, “Ahlan ya Hajja.” Ya tsaya ya nemo numfashi. “Ke ce mai tuwon da ya hana wannan ya koma ƙasarsu?”

Ta ce da Larabcinta, ai rashin kunya ce ta hana shi komawa. Ya soma dariya, dariyar ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa har matarsa ta shigo ta riƙe masa kafaɗa. Gwaggo ta ɗaga hannu za ta yi masa addu'a, ya so ya bi ta da Fatiha, sai da ya huta a tsakiyar kowace aya.

Ban yi niyyar tayar da zancen ba. Shi ya tambaye ni aiki, na ba shi labarin Abbasiya. Ya girgiza kai. Ya ce mata, ina fassara abin da ya kuɓuce mata, kada ta tsorata da yawa, yini ɗaya ba ɗaya yake da rayuwar da shi ya yi a ciki ba. Amma ƙurar ba ta bin tsintsiya ta fita. Tana shiga katifa da kafet da labule ta zauna, duk wanda ya zauna ko ya kakkaɓe sai ta sake tashi. Ya ce babba yana fita ya sha iska, jariri kuwa a kan katifar yake wuni, hancinsa a jikinta.

Muka yi musu sallama muka fito. Sai da muka zo rabuwa Gwaggo ta ce, “Matar nan tasa ba ta iya goge taga ba.” Na ce a raina, shi ke nan, an yi asarar farfesu da wuni.

Abin da ya faru ranar saukar jirgi, Abdulbasit ne ya kira ni yana ƙorafi ya ba ni labari. Sun je tarbar Fiddausi tare da Gwaggo. An loda akwatuna a tasi, ya buɗe baki zai ce Abbasiya, sai ta riga shi ta ce wa direba, “Hada'iƙ el-Ma'adi, yalla.”

Ya ce, “Gwaggo, ai gida za mu.”

Ta ce, “Gida za mu mana. A garinku cikin fari a ɗakin miji ake haihuwarsa? Uwarta na Gusau, ni ce uwarta a nan. Sai ta haihu ta yi wanka ta yi arba'in, sannan ka zo biko kamar kowa.”

Ya ce ai da saura kafin haihuwar. Ta ce ashe har ya iya lissafin watannin ɗan fari a gaban manya, Misira ta gama cire masa kunya. Fiddausi ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Duk littattafan da ya karanta ba wanda ya koya masa yadda ake amsa wannan.

Ta ba yarinyar gadonta, ita ta koma tabarma a falo, da ciwon gwiwarta. Ba ta ambaci silin ba ko sau ɗaya.

Sakamako ya fito daga baya. Akwai asbestos a ciki. Ban ji daɗin cewa na faɗa ba, don da babu shi da na fi kowa murna. Abdulbasit ya yi salati ya tambaye ni, su da suka shaƙa fa? Na ce ban sani ba, ni ba likita ba ne. Ya je ya tambaya. Aka ce masa yanzu ba abin da za a gani, su guji sigari, su kuma riƙe abin a ransu, in wata rana ƙirji ya dame su su gaya wa likita. Wasu daga cikin 'yan gayyar ma sun gama karatu sun koma gida, ban san ko saƙon ya same su ba.

Mai benen kuwa, da muka je masa, kafaɗa ya ɗaga. Ya ce ubansa ya gina benen, mutane sun yi ta zama ba wanda ya mutu, mu ne ma muka ɓata masa silin. Masu fararen kayan nan na Ma'adi kuwa ba irin gidan ɗalibi suke zuwa ba. Sai ni. Na aro takunkumi na gaske wurin injiniyan, ba na kyalle ba, na shafe ranakun hutuna ina bin bango da ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, in goge in jefa a leda, in ɗauki sabo. Abin da ya rage na silin falo na danne shi da fenti.

Ranar fitar da kaya Gwaggo ta zo. Na hana ta shiga, ta tsaya a matakala. Na jiƙa katifa da kafet da labule, na naɗe su a leda na sauko da su. Mai gadin benen ya matso yana shafa katifar, yana cewa haram a zubar da sabon abu, 'ya'yansa a ƙasa suke kwana. Gwaggo ta gane ko an kai ta bola sai wani ya ɗauko. Ta ɗauki ragowar fentina, ta buɗe bakin ledar, ta tuttule shi kaf a kan katifar da ta saya da guminta. Mai gadi ya yi ta surutu, ba ta kula shi ba. Sannan ta ce in miƙo tsintsiyarta. Na ce ita ma tana cikin leda. Ta daɗe tana kallon ledar. Ta ce, “Irin kabar nan babu ita a garin nan.” Ta juya ta sauka.

Abdulbasit ya tambaye ni ko yanzu gidan ya zaunu. Na ce na yi iyakar abin da hannu da tsumma za su yi, amma ba zan rantse masa ba.

Fiddausi ta haifi mace, aka sa mata Ihsan. Arba'in ta zo, ya zo biko da turmin atamfa da goro da ya sha wahalar samu. Gwaggo ta ce sanyi ya yi yawa, jaririya ba ta hawa metro. Da sanyi ya wuce ta ce yarinya ba ta gama murmurewa ba. Ya gane da kansa. Ya nemi wani gida mai silin sumul tun asali, ya kai ta ta gani, ta wanke, ta yi jere, ta kunna turare, sannan ta raka su. Ihsan ba ta taɓa shiga wancan ɗakin ba, yanzu har tana rarrafe.

Gidan Abbasiya bai yi wata a rufe ba mai shi ya zuba wasu ɗalibai, sababbin zuwa daga Bauci. Na hau har sama na same su, na ce kada su taɓa silin falo, kada su buga ƙusa, kada su yi shara a bushe, su riƙa gogewa da ruwa. Suka ba ni shayi, suka yi godiya, suka ce, “To.”

Gwaggo ba ta taɓa ce mini na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Masa dai ta dawo ranar Juma'a. Abin da ya canza shi ne yanzu kafin ta kira gayya sai ta kira ni. Makon jiya ta kai ni wani tsohon gida da za a kawo amarya, silin ɗinsa ƙuraje rututu. Muna shiga ta ɗaga sandar sabuwar tsintsiyarta ta roba, ta caka wa silin, ta murza, gari ya zubo mata a mayafi.

Ta ce, “Lawali, wannan fa? Yana da abin?”

Na ce, “Gwaggo, sauke sandar tukuna.”